GEMU BA YA HANA ILMI: DATTAWANMU DA ILMIN TAURARI, DAGA KATSINA ZUWA GYAƊI-GYAƊI

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda 'yan uwa da data ba ta ishe su saurare ba.

Yau maganar sama za mu yi. Za mu duba tarihin ilmin taurari a ƙasar Hausa, wanda malamanmu ke kira ilmin falaki, sannan mu duba yadda za mu zauna da iyayenmu da kakanninmu, waɗanda suka ba sittin da saba'in baya, mu taimaka musu su gane abin da masana suka gano game da sama da abin da aka yi ta da shi.

Na san wani zai ce, to tsohon da ke fama da ciwon gwiwa da kuɗin cefane, ina ruwansa da taurari? Ruwansa biyu ne. Na farko, ranar da wata ya yi husufi shi ake tambaya. Ranar da ake gardamar an ga wata ko ba a gani ba, bakinsa ake kallo, abin da ya faɗa kuwa shi gida zai ɗauka. Na biyu, akwai ilmin sama a kan tsohon nan wanda ba a koyar da shi a firamare ko sakandare, in ya tafi da shi kabari shi kenan. Saboda haka zaman da nake magana a kai na ba-ni-in-ba-ka ne. Amma bari mu bi tarihin tukuna, don mu san daga ina aka faro.

Mu fara daga Katsina. Kusan shekara 300 da suka wuce an yi wani malami, Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi, masanin hisabi da taurari. Ya tafi aikin Hajji wajen 1730. A 1732 ya rubuta littafi a kan lissafin hatimi, wato gidajen nan na lambobi da ko ta ina ka haɗa su jimla ɗaya za su ba ka. Har yau masu tarihin lissafi a duniya suna ambaton aikin nan. Daga baya ya zauna a Alƙahira, a gidan Shehu Hasan al-Jabarti, wanda shi ma masanin falaki ne, kuma shi ne mahaifin Abdurrahman al-Jabarti, mashahurin marubucin tarihin Masar. A gidan ya rasu a 1741, ya bar wa mai masaukinsa littattafansa. Ku duba fa, mutumin Katsina ne malaman Masar suka karɓa hannu bibbiyu a wannan fanni.

Kafin shi ma, can Tumbutu, Malam Mahmud Kati ya rubuta abin da ya gani da idonsa a watan Rajab na shekara ta 991 bayan Hijira, wato wajen Agustan 1583. Ya ce bayan dare ya raba taurari suka yi ta shawagi ta kowace kusurwa kamar an kunna wa sama wuta, mutane suka firgita. Yau mun san cewa duk shekara a irin wannan lokaci duniyarmu tana ratsa ƙurar da wata tauraruwa mai wutsiya ta bari a hanyarta, ƙurar ce ke ƙonewa a cikin iska mu ga kamar taurari na zuba. Abin burgewa shi ne malamin bai tsaya a tsoro ba, ya ɗauki alƙalami ya rubuta wata da shekara.

Sai Sakkwato. A watan Maris na 1824 Baturen nan ɗan yawon bincike, Hugh Clapperton, bayan ya biyo ta nan Kano, ya isa wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Cikin kayan da ya nuna masa akwai taswirar sama. Clapperton da kansa ya rubuta cewa Sarkin Musulmi ya san burujai goma sha biyun nan duka, ya kuma san taurari da yawa da sunayensu na Larabci. Da ya dawo karo na biyu ya kawo masa kyautar littafin Iƙlidis na ilmin awo, fassarar Larabci. Bello ya gaya masa ai gidansu sun taɓa mallakar irinsa, wani ɗan uwa ya kawo daga Makka, gobara ce ta cinye shi.

To a nan dole in tsaya in raba abu biyu, domin in ba ka raba su ba, dattijo ba zai saurare ka ba. A da, ilmin taurari da duba sun cakuɗe, shi kansa al-Kashinawi littafinsa Durrul Manzum ya haɗa taurari da ɗalasimai. Shi ya sa da ka ce taurari, wasu sai su ji bokanci. Amma malamai sun daɗe da rabewa. Akwai sanin tafiyar rana da wata da taurari don gane lokaci, da alƙibla, da hanya, da lokacin shuka. Alƙur'ani a Suratu Yunus ya ambaci masaukan wata a matsayin hanyar sanin ƙidayar shekaru da lissafi. Akwai kuma jingina wa tauraro iko, a ce shi ke kawo ruwa ko arziki ko mutuwa. Wannan shi hadisin ruwan da aka yi a Hudaibiyya, wanda ke cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik, ya yi kashedi a kai. Namu zancen na farkon ne.

Kuma wannan ilmi bai tsaya a zauren malamai ba, ya shiga gona. Manomin ƙasar Hausa yana da kalandar taurari 28. Kowane tauraro kwana 13 yake yi, ban da Jabaha mai kwana 14. Ku lissafa, 27 sau 13 ya ba da 351, a ƙara 14, ya zama 365 cif. An raba su bakwai-bakwai: na bazara, na damina, na kaka, na ɗari. Na damina su ne Haƙ'a, Han'a, Zira'a, Nasara, Ɗarfa, Jabaha da Harsan. Daga Larabawa aka samo sunayen, amma an daidaita su da ruwanmu da ƙasarmu, har aka sa su cikin waƙoƙin ajami don sauƙin hadda. Wani masani ɗan Ingila, Mervyn Hiskett, ya yi nazari a kan waɗannan waƙoƙi ya buga a 1967. Dalilin wannan kalanda a fili yake. Shekarar wata kwana 354 ce, tana ja da baya da kwana 11 duk shekara, shi ya sa azumi ke zagaya zafi da sanyi. Da watan Musulunci ake ibada, amma ba za ka iya shuka da shi ba. Sai manomi ya riƙe lissafi biyu a kansa.

Ban da na Larabci, muna da namu sunayen. Surayya ita ce muke kira Kaza da 'Ya'yanta. Tana ɓacewa daga saman magariba wajen ƙarshen bazara, ta sake bayyana da asuba a watan Yuni, daidai lokacin da damina ke kankama. Akwai Zara matar wata, akwai Gamzaki na asuba. Akwai kuma tauraruwa mai wutsiya, wadda aka yi wa kirari da ganinki ba alheri ba.

Yanzu mu dawo gida, Gyaɗi-Gyaɗi. Unguwar nan bayan ganuwa take, a kan hanyar Zariya, kuma dattawan da aka haifa a nan da Tarauni da Darmanawa da Unguwa Uku za su gaya maka sun tashi ana noma a inda yau gidaje da shaguna suke. Yanzu ga Asibitin Malam Aminu Kano, ga Court Road, ga Zoo Road, ga gadar Dangi, ko'ina fitila, ko'ina janareto da sola. Alheri ne, ba mu raina ba. Amma hasken gari yana cinye hasken sama. Yaron da aka haifa a unguwar nan yau zai iya girma bai taɓa ganin farin zanen nan na taurari da ke ratsa sama a daren duhu ba.

Akwai wani dattijo da muke sallah tare, ya haura tamanin. Wani dare bayan isha'i an ɗauke wuta, muna zaune kan tabarma a ƙofar masallaci, na ce, "Baba, Allah ya ƙara lafiya, wai har yanzu kuna riƙe da taurarin damina?" Sai ya yi murmushi, ya jero 28 ɗin nan tiryan-tiryan, bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Na ce to a nuna mana Kaza da 'Ya'yanta. Ya ce, "Yaro, rabona da ganinta na manta. Ido ya yi rauni, gari kuma ya yi haske." Jikokinsa uku na wurin, kowanne da waya a hannu, babu wanda ya taɓa jin sunan ko ɗaya daga taurarin. Shi yana da sunaye da lissafi, su suna da ido da na'ura, amma ba a taɓa haɗa su ba.

Koyar da manya kuwa ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Makarantun zaure sun daɗe suna karɓar mai furfura. A farkon shekarun 1950 gwamnatin Jihar Arewa ta ƙaddamar da Yaƙi da Jahilci, Malam Ahmadu Kumasi na cikin jagororinsa. Hukumar NORLA a Zariya ta riƙa buga ƙananan littattafai da jaridun larduna don sababbin masu karatu: Sodangi ta Kano, Himma ta Katsina, Zaruma ta Sakkwato, Bazazzaga ta Zazzau. Tun 1949 Abubakar Imam da Rupert East sun fitar da Ikon Allah, littafin kimiyyar halittu da Hausa. Ku lura da sunan da suka zaɓa, sun san ta ƙofar da za su shiga zuciyar mai karatu. A 1969, shekarar da ɗan'adam ya taka wata, Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya, labarin tafiya sararin samaniya da Hausa. Sannan a 1980 gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa Hukumar Ilmin Manya ta Jihar Kano, wadda UNESCO ta karrama a 1983. Iyaye mata da yawa a unguwanninmu ta nan suka koyi rubuta sunansu. Sai dai abin da azuzuwan suka fi mai da hankali a kai shi ne karatu, rubutu, lissafi da sana'a. Hakan daidai ne, da su ake farawa. Amma wanda ya iya karatu yana da tambayoyi, kuma da yawansu a sama suke.

Akwai wata shekara da nake so mu riƙe, 1962. Abu biyu suka faru a cikinta, kuma dattawanmu na yau suna yara ko samari a lokacin.

Na farko, mutane da yawa ba su san cewa hukumar sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta taɓa kafa tasha a nan Kano ba. Tana cikin tashoshi 18 da aka jera a faɗin duniya don bin sawun kumbon 'yan sama jannati. Ran 20 ga Fabrairu 1962, John Glenn ya zama Ba'amurke na farko da ya kewaya duniya, sau uku ya zagaya. Da ya zo ta samanmu ya yi magana da tashar Kano, ya ce yana hango wani abu kamar ƙura ta rufe ƙasa. Aka amsa masa daga Kano cewa ai an kwana biyu ana iska mai ƙarfi. Jama'a, hazon hunturunmu ne mutumin ya hango daga sama! A shekarar da ta biyo baya, ran 23 ga Agusta 1963, Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa da Shugaba Kennedy suka yi magana ta tauraron ɗan'adam, karon farko da shugabannin ƙasashe biyu suka yi hakan.

Na biyu, ran 3 ga Oktoba 1962, a Zagami, wajen Faskari a ƙasar Katsina, wani manomi yana cikin gonarsa ya ji ƙara mai firgitarwa, sai ga dutse ya faɗo 'yan taku kaɗan daga inda yake, ya nutse a ƙasa. Nauyinsa kilo 18. Bayan shekaru masana suka sami iska a maƙale a cikinsa, suka gwada ta da awon da na'urorin Viking suka yi a duniyar Mas a 1976, wadda malamanmu ke kira Mirrihu, suka ga iri ɗaya ce. Wato ɓallin wata duniya ne ya faɗo gonar Bakatsine. Yau gutsattsarinsa suna ɗakunan bincike da gidajen tarihi a ƙasashe da dama. Kuma kada ku ɗauka abin wasa ne. A 2023 an tsinci wani irinsa a yankin Agadas, mai nauyin kusan kilo 25, aka yi gwanjonsa a birnin New York a watan Yulin 2025 kan fiye da dala miliyan 5, har gwamnatin Nijar ta buɗe bincike kan yadda aka fita da shi. Wanda bai san darajar abin da ya faɗo gonarsa ba, wani ne zai ci moriyarsa.

Sai maganar husufi, inda rashin sani ya fi yin ɓarna. Ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya rasu, an yi husufin rana a Madina. Masu lissafi sun gano ranar, 27 ga Janairu 632. Mutane suka ce saboda rasuwar ne, Manzon Allah ya gyara musu, ya nuna cewa rana da wata ayoyin Allah ne, ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa, ya yi umarni da sallah. Duk da haka tsohuwar fahimta ba ta gushe ba. A watan Satumba 1830 wasu Turawa 'yan uwan juna, Richard da John Lander, suna Busa aka yi husufin wata, suka rubuta yadda gari ya fito da ganguna da kururuwa don rana ta saki wata. Mu ma da yawanmu mun tashi mun ga yara na zagaya unguwa suna kaɗa gwangwani. Wannan mai sauƙi ne. Ran 9 ga Janairu 2001 aka yi husufin wata, wasu matasa a Maiduguri suka ce zunubin mutanen gari ne ya jawo, suka bi otal-otal da mashaya suna cinna wuta. Husufin nan kuwa masu lissafi sun san ranarsa da sa'arsa shekaru aru-aru kafin ya zo.

Ku gwada da ran Laraba 29 ga Maris 2006, da rana ta yi cikakken husufi da hantsi. Inuwar ta bi ta Gusau, Katsina da Maraɗi, gari ya yi duhu na 'yan mintoci, mu nan Kano saura ƙiris ta rufe. An yi ta sanarwa a rediyo tun kafin ranar, malamai suka yi bayani, jama'a suka yi sallah, aka watse lafiya. Da aka gaya wa manya tun da wuri, su suka riƙe yara.

To yaya za a zauna da dattijo a kan wannan ilmi? Ga abin da na ga yana aiki.

Ka fara da tambaya, kada ka fara da lacca. "Baba, da wane tauraro kuke shuka gero?" "Inna, yaya kuke gane asuba ta kusa a da, kafin agogo da lasifika?" Iyaye mata sun san Gamzaki sarai, don su ke tashin sahur da dakan asuba. Ka kunna rikoda a wayarka da izininsu. In sun gama ba ka nasu, sai ka ɗora naka a kai. Misali, ka gaya musu Zara da Gamzaki abu ɗaya ne, duniya ce mai kewaya rana kamar tamu, Zuhura, wani lokaci ta fito da magariba, wani lokaci da asuba. Za a yi maka gardama. Sai ka ce a sa ido a gani ko za a taɓa samun su biyun da cikakken haskensu a dare ɗaya. Dattijo ya fi yarda da abin da ya gwada da kansa.

Ka yi amfani da kayan gida. Tocila ita ce rana, ƙwarya ita ce duniya, lemo shi ne wata. Ka sa ƙwarya a tsakiya, inuwarta ta faɗa kan lemo, husufin wata kenan. Ka sa lemo a tsakiya, husufin rana kenan. Sannan ka tambaya, "Baba, kun taɓa ganin husufin wata ba a daren sha huɗu ko sha biyar ba? Kun taɓa ganin na rana ba a ƙarshen wata ba?" Zai ce a'a, don ya daɗe da lura. Kai dalilin kawai ka kawo masa. Ka kuma tuna masa cewa inuwar da ke hawa kan wata kullum a zagaye take, kuma inuwar duniyarmu ce.

In za ka faɗi nisa, kada ka tsaya a miliyoyi. Ka ce rana tana da nisan kilomita miliyan 150, haskenta na ɗaukar minti 8 kafin ya iso, sannan ka kwatanta. In rana ƙwallon ƙafa ce, duniyarmu ƙwayar gero ce a nisan taku 30. Tauraro mafi kusa da mu bayan rana, a wannan ma'auni, nisansa ya kusa ninka tafiyar Kano zuwa Makka sau biyu. Kaza da 'Ya'yanta kuwa, hasken da muke gani yau ya baro ta kimanin shekara 440 da suka wuce, fiye da shekara 200 kafin jihadin Shehu Usmanu, wajen zamanin da malamin Tumbutu ke rubuta labarin zubar taurari.

Tambayar da ta fi daɗi ita ce, da me aka yi su? Kuma wa ya je ya ɗebo? Amsar tana cikin haske. In aka tsaga hasken tauraro kamar bakan gizo, ana ganin wasu layuka, kowane sinadari da nasa, kamar dangwalen yatsa. Da haka aka gano iskar hiliyom a jikin rana a 1868, kafin a same ta a ƙasa a 1895. A 1925 wata masaniya, Cecilia Payne, ta nuna cewa akasarin jikin taurari haidirojin ne da hiliyom. A cikin taurari, kamar maƙera, ake ƙera sinadarai masu nauyi. Ƙarfen fartanya da ƙarfen da ke cikin jininmu, asalinsu daga taurarin da suka ƙare tun kafin a yi rana. In ka faɗa wa tsohon maƙeri wannan, ka ba shi abin tunanin mako guda.

Sannan ka gaya musu iyakar masanan. A shekarun 1970 Vera Rubin ta auna gudun taurarin da ke gefen manyan garkunan taurari, ta ga gudun ya yi yawa. Kamar majajjawa ce, in igiya ba ta da ƙarfi dutse ficewa zai yi. Tunda ba su fice ba, akwai wani nauyi da ke riƙe da su wanda ba a gani. Lissafin yau ya nuna duk abin da muke iya gani da taɓawa, taurari, duniyoyi, mu kanmu, kashi 5 ne kacal cikin 100. Kashi 27 ɓoyayyen abu ne da ake gane shi ta nauyinsa, kashi 68 kuma ɓoyayyen ƙarfi ne da ke ƙara wa sama saurin faɗaɗa. Da na faɗi haka a wani zama, wata Hajiya ta ce, "Ikon Allah! Ashe su ma suna da Allahu a'alamu." Daga ranar ta fi kowa tambaya.

Ka ba su abin da za su yi amfani da shi. Sau biyu a shekara rana tana tsayawa daidai saman Ka'aba: 27 ko 28 ga Mayu da ƙarfe 10:18 na safe agogon Najeriya, da 15 ko 16 ga Yuli da ƙarfe 10:27. A wannan lokaci, ka kafa sanda a miƙe, inuwarta za ta kwanta a kan layin alƙibla, ɓangaren da rana take shi ne gabas ɗin sallah. Dattijo da sandarsa zai iya duba alƙiblar ɗakinsa ba tare da waya ba. Haka maganar jinjirin wata. In ya gane cewa wata na cika zagayensa a kwana 29 da rabi, kuma ba a ganinsa sai ya ɗan nisanta da rana, zai gane dalilin da ya sa kwamitin duban wata na Sarkin Musulmi ke tantance shaida kafin sanarwa.

Ka kuma kula da jikinsu. Idon tsoho ba ya karɓar haske kamar na yaro, a ba shi minti 20 zuwa 30 a duhu ba tare da kallon waya ba. Kujera mai jingina ta fi tsayuwa, saboda wuya da jiri. Lokacin kaka, bayan ruwa ya wanke sama kafin hazo ya sauko, shi ya fi. A fara da wata, don ko ƙaramin madubin hangen nesa zai nuna ramukansa. Manhaja irin Stellarium tana taimakawa, jika ya riƙe waya, kaka ya faɗi suna. Ka ɗaga murya kaɗan, ka maimaita, kada ka ce "ba haka ba ne" a gaban 'ya'yansa. Wanda ya ce yana ganin wata biyu ko hazo-hazo, a kai shi a duba masa yanar ido. Rana kuwa ba a kallonta kai tsaye, ko da baƙin tabarau, ko a cikin kwanon ruwa.

Akwai jarrabawa a gabanmu. Ran 2 ga Agusta 2027, in Allah ya kai mu, za a yi cikakken husufin rana da zai ratsa Maroko, Libiya, Masar, har Jidda da Makka, mu nan za mu ga wani sashe. Hotunan Harami cikin duhu da rana tsaka za su cika wayoyi, masu fassarar ƙarya kuma ba za su yi barci ba. Gara a ce kafin ranar kowane zaure a Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni akwai dattijon da ya riga ya riƙe lemo da tocila ya gane yadda abin yake.

Aikin gida na wannan makon: ka je wurin mafi tsufa a gidanku, namiji ko mace, ka tambaye shi sunayen taurarin da ya sani da abin da ake yi in sun fito. Ka rubuto mana a ƙasa, tare da sunan garinku, don mu ga yadda Kano da Katsina da Damagaram suka bambanta. Iyayenmu da suka rigaye mu Allah ya jiƙansu, waɗanda ke raye Allah ya ƙara musu lafiya. Sai mun haɗu a shiri na gaba.